Ƙanwar mijina ta ɗauke sunan turarena, wai ta riga ni rajista

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata bakwai ina haɗa turaren wuta da humra. A wajen kakata na koya, 'yar Maiduguri ce, Allah ya ji ƙanta, kuma laƙabin da muke kiran ta da shi a gida na sa wa kayana. Da kuɗin adashi na fara, yau ga shi har daga Maraɗi da Damagaram ake aikowa a saya. Shekara huɗu da suka wuce na yi wa sunan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, satifiket ɗin yana nan a ajiye.

Ƙanwar mijina ta zauna a wajena shekara uku, babu abin da na ɓoye mata na sana'ar. Da ta yi aure bara ta fara nata, na yi murna, har jari na ƙara mata. Kwatsam wata kwastomata ta kira ni tana faɗa, wai humrata ta lalace, kwana biyu ƙamshin ya gudu. Da ta turo hoton kwalbar sai na ga ba tawa ba ce. Sunan nawa ne aka canza harafi ɗaya, launin sitikar kuma irin nawa sak. Da na yi wa yarinyar magana sai ta ce mijinta ya riga ya kai sunan Abuja an yi rajista, ni ce ma zan daina amfani da shi. Surukata ta ce in bar zancen, arziki na Allah ne, suna kuma ba gadon kowa ba ne. Maigidana ya yi gum. Anti, takardar CAC ɗin nan ba ta isa ba? Da gaske za ta iya raba ni da sunan kakata? In kuma na kai ƙara, ina makomar aurena?

Daga wata 'yar'uwa, Kano.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan kakarki, ya sa sana'ar da ta bar miki ta zame mata sadaka mai gudana.

Zan fara da mai ɗacin, don ki haɗiye shi mu wuce. Takardar CAC ɗinki ba ta yi miki aikin da kike zato ba. Ba ke kaɗai ba ce, da yawa daga cikin matan da ke sana'a a gida haka suka ɗauka, har da manyan 'yan kasuwa masu shaguna a Kwari da Singa. CAC tana yi wa kasuwancin kansa rajista ne: ga wance, ga sunan da take hulɗa da shi, ga adireshinta, don ta buɗe asusun banki, ta sa hannu a kwangila, gwamnati ta san da zamanta. Sunan da ke manne a jikin kwalba kuwa, wanda mai saye ke gani ta ce “wannan na wance ne”, shi ake kira alamar kasuwanci, kuma ofishinsa daban, dokarsa daban. Ofishin rajistar alamomin kasuwanci yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, yana aiki da Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965. Rajista a ɗaya ba ta wadatar da ɗayan. Kin kulle ƙofar zaure, ta ɗakin da kayan suke kuma tana buɗe.

Amma kada cikinki ya ɗuri ruwa da jin wai “an yi rajista a Abuja”. Wannan kalmar mutane na faɗin ta tun ranar da suka biya kuɗin fom. Hanyar tana da zango-zango. Idan aka shigar da buƙata, takardar farko da ake bayarwa ta shaidar an karɓa ce kawai, ba ta ce an yarda da komai ba. Sai ma'aikatan ofishin su duba ko sunan ya cancanta, ko kuma ya yi karo da wani da ke cikin kundinsu. In ya tsallake, a ba da takarda ta biyu, ta amincewa. Daga nan a buga alamar a mujallar ofishin don duniya ta gani, a jira wata biyu cur, ko akwai mai ja. Sai in ba a samu mai ja ba, ko an samu an yanke hukunci ya faɗi, sannan satifiket ya fito. Tafiyar nan sau da yawa takan haura shekara. Yarinyar da ta fara sana'a bara, abu ne mai wuya a ce satifiket ne a hannunta. Na fi kyautata zaton takardar farko ce ko ta biyu, in ma akwai takardar.

Ki riƙe watanni biyun nan da kyau, nan ne ƙofarki. Duk wanda yake ganin an taɓa haƙƙinsa yana iya shigar da ƙalubale a rubuce cikin wannan wa'adi, ya kawo dalilansa. Naki dalilan kuwa masu nauyi ne: ke kika fara amfani da sunan shekaru kafin ita, a hannunki ta san shi, kuma ga shaida a fili cewa kamannin yana ruɗa masu saye. Dokar ta hana a yi rajistar alamar da za ta yaudari jama'a ko ta jawo ruɗani. Abin da ba na so shi ne a buga mujallar ba ki sani ba, wa'adin ya wuce kina can kina jiran surukarki ta sauko. Bayan satifiket ya fito ma ana iya neman a soke shi, amma wannan doguwar hanya ce mai cin kuɗi da lokaci.

To, a ce ma ta samu satifiket ɗin. Za ta iya hana ki sunan kakarki? Sashe na 7 na dokar ya tanadi irin halinki: mai rajista ba shi da ikon hana wanda ya riga shi amfani da alamar, matuƙar ya ci gaba da amfani da ita ba yankewa tun kafin mai rajistar ya fara nasa amfanin ko ya yi rajistarsa. Ke nan barazanar “ke ce ma za ki daina” ba ta da ƙafar tsayawa, in dai za ki iya tabbatar da shekarunki bakwai. Kalmar da zan ja miki layi a ƙarƙashinta ita ce tabbatarwa. Alƙali bai san kakarki ba, bai taɓa shaƙar humrarki ba. Takarda yake gani.

Saboda haka aikin daren yau, kafin lauya, kafin kowa, shi ne tattara shaida. Satifiket ɗin CAC da na ce bai isa ba, a nan yake da rana, domin yana ɗauke da kwanan wata na hukuma da ke nuna kina amfani da sunan tun yarinyar ba ta yi aure ba. Ki nemo rasit ɗin mai buga miki sitika, mafi tsufa da za ki samu. Hotunan da kika ɗora a Instagram ko Facebook tun farkon farawa, kada ki goge ko ɗaya, ko da kina ganin sun yi muni, tsufansu shi ne darajarsu. Saƙonnin kwastomomi a WhatsApp, bayanan shigar kuɗi na banki, takardun direbobin da ke kai miki kaya tasha. Sannan kwastomar nan da ta kira ki tana faɗa: ki lallashe ta, ki musanya mata da humra mai kyau, ki karɓi waccan kwalbar ki adana, ki ajiye saƙonta da hoton da ta turo. Ita ce shaidarki mafi tsada, domin ita ce mutumin da aka ruɗa da gaske. Ki kuma aiki wani wanda ba a sani ba ya sayo kwalba ɗaya daga wajen yarinyar, a rubuta ranar da wurin.

Daga nan sai lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, wanda ya saba da wannan aikin musamman. Ba kowane lauya ne ya saba ba, kuma wanda ya yi miki CAC a shagon kwamfuta ba lallai ne ya iya ba. Abu biyu za ki ce ya yi. Na farko, ya bincika kundin ofishin ya gano ko da gaske akwai buƙatar da aka shigar da sunan nan, da sunan wa, ranar yaushe, kuma a wane zango take. Na biyu, ya shigar da taki buƙatar ba tare da ɓata lokaci ba. A tsarin Najeriya ranar shigarwa tana da nauyi ƙwarai, domin in satifiket ya fito, daga ranar da aka shigar da buƙata ake lissafa shi. In bincike ya nuna babu komai, cika baki ne kawai, to kin riga ta. In akwai, wakilin ya sa ido a kan mujallar don kada wa'adin ya kuɓuce. Ki ce ya rarrabe miki kuɗin gwamnati da ladan aikinsa a rubuce, ya kuma ba ki kwafin kowace takarda da ta fito. Kuma da sunanki za a yi, ko na kasuwancinki. Ba da sunan maigida ba, ba na wani ɗan'uwa da ke Abuja ba, komai kirkinsa. Rigimar da kike ciki yanzu ta isa ta koya miki dalili.

Wakilin zai tambaye ki rukuni. Kayayyaki da ayyuka an kasa su gida 45 a wani tsari na duniya da aka ƙulla a birnin Nis na Faransa a 1957, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Turare, humra, sabulu da man shafawa suna rukuni na 3, nan ne gidanki. A Najeriya kowane rukuni da buƙatarsa da kuɗinsa, don haka in gobe kika fara yaji, wannan rukuni na 30 ne, sai an sake wata. Ban ce ki bi rukunai kina zubar da kuɗi ba. Ki kama na 3 tukuna. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabunta ta duk shekara 14, kuma alamar da aka bari shekara 5 ba a amfani da ita ana iya neman a cire ta daga kundi.

Wani abin da ya faranta mini rai a wasiƙarki shi ne irin sunan da kika zaɓa. Dokar ba ta son sunan da ke bayyana kayan kai tsaye ko yabon su, haka nan sunan gari tsurarsa. Da “Humra Mai Ƙamshi” kika sa, ko “Turaren Maiduguri”, da na ce ki shirya jin an ƙi, domin duk mai haɗa turare yana da haƙƙin cewa nasa mai ƙamshi ne, kuma Maiduguri ta kowa ce. Laƙabin da jikoki ke kiran kakarsu da shi kuwa ba ya nufin komai a harkar turare sai ke. Irin wannan shi ne suna mai ƙarfi. Sai dai ki sani, kalmar “humra” ko “turare” da ke maƙale da shi ba za ta zama taki ke kaɗai ba.

Canza harafi ɗaya kuma ba ya wanke mai kwaikwayo. Abin da ake dubawa shi ne ko mai saye na yau da kullum, wanda ba ya ɗauke da kwalba biyu yana gwadawa, zai iya ruɗewa da ganin sunan ko da jin sa. Tun a 1961 aka yi irin wannan shari'a a kan wasu kantunan magani biyu a Anacha, ɗaya Niger Chemists, wanda ya daɗe, ɗayan sabo ya buɗe a titi guda da shi da sunan Nigeria Chemists. Kotu ta hana sabon amfani da sunan. Wannan ita ce ƙarar da ake shigarwa a kan sojan gona a kasuwa, wato mutum ya sayar da kayansa a rigar wani, kuma ba ta buƙatar rajista. Sashe na 3 na dokar ya ce marar rajista ba zai iya ƙarar keta alama ba, amma ya bar masa wannan ƙofar. Bambancin shi ne wahala. Mai satifiket takardarsa yake ajiyewa a gaban alƙali. Marar shi sai ya tabbatar da cewa an san shi da sunan, an yi sojan gona, kuma ya yi asara.

Batun launin sitika, a nan zan rage miki buri. Akwai shahararriyar shari'ar kamfanin Ferodo da na Ibeto a kan kwalin kayan birkin mota, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004. Ferodo ya ce an kwaikwayi launukan kwalinsa, ja da baƙi da fari. Kotu ta ce abin da ya yi wa rajista shi ne sunan, launuka da adon kwali ba su shiga ciki ba, ga shi kuma sunan da ke kan ɗaya kwalin daban ne, sai ya faɗi. A 2023 an yi wa dokar gyara, ma'anar alama ta faɗaɗa ta haɗa da siffar kaya, mazubinsu da haɗin launuka. Darasin dai bai canza ba: abin da kika kai aka rubuta shi ne naki. Ki ce wa wakilin ya duba yiwuwar shigar da sunan shi kaɗai, sannan sitikar gaba ɗayanta da zanenta. Yaron da ya zana miki tambarin kuma, ki sa ya rubuta miki 'yar takarda ya sa hannu cewa ya mallaka miki zanen. Ƙaramin harafin R ɗin nan da ake sawa cikin da'ira, kada ki buga shi a sitika sai satifiket ya zo hannu, nuna alama a matsayin mai rajista alhali ba ta da ita laifi ne. Wannan gargaɗin ya hau kan ƙanwar mijinki ita ma.

Ga wata gaskiyar da ba za ta yi miki daɗi ba. Haɗin turaren, yawan sandal da hawi da farce, yadda ake jiƙawa da kwanakin da ake bari ya tsumu, rajistar alama ba ta kare ko ɗaya. Kin koya mata da hannunki, ya zama iliminta. Tana da cikakken haƙƙin haɗa turare ta sayar, ko a ƙofar gidanki ne. Abin da ba ta da shi shi ne ta sayar da shi da fuskarki. Ki raba waɗannan biyun a zuciyarki tun yanzu, domin ranar zama za a yi ƙoƙarin cakuɗa su, a ce kina baƙin ciki da arzikin yarinya.

Kin ambaci Maraɗi da Damagaram. Rajistar Najeriya a kan iyaka take tsayawa, ba ta tsallaka Jibiya. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar alamomin kasuwanci mai hedikwata a Yawunde, wadda ƙasashe 17 ke ciki, har da Chadi da Kamaru, kuma rajista ɗaya a can tana aiki a dukkansu na shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Ba yau ba, amma in cinikin can ya kai a kira shi ciniki, ki sa shi a lissafi.

Yanzu mu koma gida, inda ciwon yake.

Surukarki ta yi gaskiya rabi. Arziki na Allah ne, babu ja. Amma cewa suna ba na kowa ba ne, malamai ba su tafi a kan haka ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamar kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Ga kuma hadisin da kowa ya haddace, cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Matar da ta biya kuɗin humrarki aka ba ta wata, an yi mata algus, ko da a ce ke kin yafe naki. Amma don Allah kada ki je ki karanta wa surukarki wannan. Ba daga bakinki ya kamata ta ji ba. Uwa ce, 'yarta take karewa, kuma in kika ƙure ta a gaban mutane, kin ci gardama kin rasa zaman lafiya.

Maigidanki nake so ki fara da shi, ku biyu, ba a gaban yara ba, ba kuma lokacin da ya shigo a gajiye ba. Shirunsa bai zama lallai goyon bayansu ba ne. Mutum ne da aka sa tsakanin mahaifiyarsa, ƙanwarsa da matarsa, ya ga duk inda ya juya akwai wuta, sai ya zaɓi ya daskare. Kada ki ce masa ya zaɓa. Ki ajiye masa kwalba biyun a gabansa, ki kunna masa saƙon kwastomar, ki gaya masa kin shigar da takardunki don kare sana'ar da ake cin abinci da ita a gidansa, kuma ba ki da niyyar kai 'yar'uwarsa kotu in akwai wata hanya. Abin da kike nema a wajensa ɗaya ne: ya samo babban da surukarki ke jin nauyinsa, kawunsu ne ko wani malamin gidan, a zauna. Mijin yarinyar ma ya zo, tunda shi ya kai takarda Abuja, kuma ina zargin shawarar daga wajensa ta fito.

Kin lura na ce ki shigar da takardu kafin zaman, ba bayansa ba. Da gangan ne. In kika fara da zama, za a ce a yi haƙuri, a bari bayan salla, a bari ta haihu, wata biyun nan kuma ba sa jiran kowa.

A zaman, ki zo da abin bayarwa, kada ki zo da buƙata kaɗai. Ta janye buƙatarta daga ofishin, ko ta mayar da ita sunanki a rubuce. Ta zaɓi sabon suna da sabon launi. Ke kuma ki ba ta wa'adi, wata biyu ko uku, ta sauya, kuma in kina da hali ki ɗauki kuɗin buga mata sitikar farko, har ki tallata ta a shafinki a matsayin ƙanwarki da kika yaye. Wannan zai ba surukarki abin faɗa wa dangi ba tare da kunya ba, kuma ya fi miki arha nesa ba kusa ba a kan zirga-zirgar Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke sauraron shari'o'in alamar kasuwanci. Wasu za su kawo shawarar ku riƙa amfani da sunan tare, tunda duk gida ne. Doka ta yarda mai alama ya ba wani izinin amfani da ita bisa sharuɗɗa, amma ni ban ba ki wannan shawarar ba. Kin riga kin ga abin da kwalba ɗaya marar kyau ta jawo miki, kuma ba za ki iya tsayawa a kan tukunyar matar da ke gidan mijinta kina duba abin da ta zuba ba.

Duk abin da aka amince, a rubuta, ita da mijinta su sa hannu, shaidu biyu su sa, lauyanki ya duba kafin nan. Za a ce miki rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ki amsa da ladabi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga Musulmi 'yan'uwan juna aka saukar da ita.

In an yi zaman sun ƙi, mataki na gaba wasiƙar gargaɗi ce daga lauya, mai wa'adi a ciki, tare da ƙalubalen a ofishin rajista idan an buga tata. Rigingimu irin wannan da dama a nan suke mutuwa, domin mijin da ya yi cika baki a falo yakan sake lissafi in ya ga takarda mai hatimi. Ki sanar da maigidanki kafin wasiƙar ta fita, kada ya ji a bakin mahaifiyarsa. Kafin nan kuma, kada ki hau intanet ki kira sunanta ko ki ce mata ɓarauniya, kada a juya a maka ki da ƙarar ɓata suna. Ki sanar da kwastomominki lambarki ɗaya da wuraren da ake samun kayanki na gaskiya, ki ɗora hoton sitikarki a fili yadda harafin da aka canza zai fito, ki tsaya a nan.